Farin zaren da ke cikin zuciya

Kawuna ya fi shekara 30 yana fawa a Kumasi, kuma zukatan shanun da suka ratsa ta hannunsa ba za su lissafu ba. Bara sai tasa ta fara ba shi matsala. Daga masallaci zuwa ƙofar gida a Aboabo, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sai ya tsaya sau biyu yana haki. Da yamma takalmi ya ƙi shiga, da dare kuma sai an jera masa matashi uku, domin in ya kwanta miƙe ji yake kamar an danna kansa cikin ruwa. Muka kai shi asibiti, aka yi masa hoton zuciya da ake kira eko. Likita ya duba ya ce, "Alhaji, matsar da zuciyarka ke yi lafiya lau take, tana fitar da kashi 60 cikin 100 na jinin da ke cikinta a kowane bugu. Amma ta gaza." Kawu ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Likita, san da ke jan garma daidai ai ba a ce masa ya gaza." Likitan ya yi murmushi ya ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Matsewa tana yi, buɗewa ce ta gagare ta. Ta yi tauri."

Wannan taurin shi ya sa ni zama in bi diddigin maganar, kuma abin da na tarar ya sauya yadda nake kallon ciwon gaba ɗaya.

Zuciya aiki biyu take yi a kowane bugu. Ta saki jiki jini ya cika ta, sannan ta matse ta tura shi. Haka take yi kusan sau 100,000 a yini, tana tura jinin da ya kai lita 7,000. Yawancinmu in muka ji an ce zuciya ta gaza, rabin na biyu kawai muke tunani, wato ƙarfin turawa ya ragu. Alhali kusan rabin masu wannan ciwo a duniya ƙarfin turawarsu bai ragu ba. Ɗakin zuciya na hagu na ƙasa, wanda ke aika jini ga dukan jiki, shi ne ya sandare, ba ya karɓar jini sai da matsi mai yawa. Matsin nan sai ya koma baya ya taru a huhu, ruwa ya tsattsafo cikinsa, daga nan haki ya zo. In abin ya jima, ɓangaren dama ma ya gaji, ruwa ya sauka ƙafa da ciki.

To me ke sandarar da tsoka? Amsar tana kan katakon kawu tun da daɗewa. Duk wanda ya taɓa tsaga zuciyar sa ya ga jan nama, ya kuma ga wani farin tantani da ke lulluɓe da ita, da fararen zaruruwa masu riƙe da murafan ƙofofinta kamar igiyoyin tanti. Abin da ido bai gani shi ne wannan farin abu ya ratsa cikin jan naman kansa. Kowace ƙwayar tsoka tana naɗe cikin siririyar saƙa, an ɗaure ta da maƙwabciyarta da 'yan zaruruwa, sannan an tattara ƙwayoyin dami-dami an ɗaure kowane dami da zare mai kauri. Masana suna kiran wannan saƙar da ke tsakanin ƙwayoyin halitta, ni kuwa zan kira ta saƙar tsakani. Ita ke hana ƙwayoyin tsoka zamewa daga jikin juna lokacin da suke jan aiki, ita ke haɗa ƙarfin ƙwayoyi biliyoyi ya zama matsa guda, ita kuma ke hana bangon zuciya buɗewa fiye da kima.

Babban furotin da aka yi saƙar da shi sunansa kolajin, kuma babu ɗan zango da bai taɓa tauna shi ba. Gandar da ake ɗora mana a kan waakye, wadda maƙwabtanmu ke kira wele, kusan kolajin ce zalla. A zuciya mai lafiya ɗan kaɗan ne, kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na naman. Kimanin kashi 85 cikin 100 na wannan ɗan kaɗan ɗin nau'i na 1 ne, mai kauri da ƙarfi kamar igiyar ɗaure sa, kashi 11 kuma nau'i na 3, siriri mai ɗan miƙewa. Akwai ilastin mai talewa ya koma kamar roba, akwai faibironektin da laminin masu manne ƙwayar tsoka da saƙar, akwai kuma wasu furotin masu riƙe ruwa da ke cike 'yan wuraren da suka rage. An daɗe ana ɗaukar duk wannan a matsayin ciko kawai, kamar takardar da ake cusawa a kwali don kada kwalba ta fashe. Wani likitan zuciya a Amurka, Karl Weber, yana cikin waɗanda suka juya wannan tunani a shekarun 1980, ya nuna cewa a zuciyar mai hawan jini lalacewar saƙar tana cikin tushen ciwon.

Saƙar kuma ba a yi ta sau ɗaya an gama ba. Kullum ana warware tsohuwa ana saƙa sabuwa. Masu saƙar wasu ƙwayoyi ne da ake kira faibiroblas, suna zaune shiru a tsakanin tsokar. Masu warwarewa kuma wasu sinadarai ne da ake taƙaita sunansu da MMP, sun haura iri 20 a jikin ɗan Adam, aikinsu aikin almakashi. Labarin gano su ma abin sha'awa ne: a 1962 Jerome Gross da Charles Lapiere suka tambayi kansu ina wutsiyar ɗan kwaɗo ke zuwa in ya girma, suka gano sinadarin da ke narkar da kolajin ɗinta. Su ma almakasan suna da masu riƙe musu hannu, furotin iri 4 da ake kira TIMP. Lafiyar zuciya tana rataye ne a kan daidaito tsakanin masaƙa da almakashi, kuma tana iya karkata ta kowane ɓangare.

Mu fara da toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, abin da ake kira bugun zuciya. In jijiya ta toshe, tsokar da ke shan jini daga gare ta tana mutuwa cikin sa'o'i, kuma ba ta tsirowa. A 2009 masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin suka auna yadda ƙwayoyin tsokar zuciya ke sabuntawa, suka samu kusan kashi 1 cikin 100 a shekara ga mai shekara 25, ƙasa da rabin haka ga mai shekara 75. Jiki ba shi da abin da zai toshe ramin da shi sai tabo. A kwanakin farko almakasai ke shiga su share mataccen nama, kuma a wannan mako na farko, kafin masaƙa su gama faci, bangon yana da rauni har yakan fashe, mutum ya faɗi nan take. Bayan mako shida zuwa takwas tabon ya ƙeƙashe. Wannan tabo shi ya ceci ran mai shi. Ya kamata a riƙe wannan, domin duk wanda ya zo da maganar maganin da zai narkar da tabon zuciya gaba ɗaya, garin neman gira zai rasa ido.

In kuma almakasan suka wuce gona da iri, 'yan zaruruwan da ke ɗaure ƙwaya da ƙwaya su tsinke, sai ƙwayoyin su riƙa zamewa, bango ya yi siriri, ɗakin ya buɗe ya zama kamar tsohon buhu. Ita ce zuciyar da ake gani a hoton ƙirji ta cika wuri, amma turawarta ba ta wuce kashi 20 ko 30 cikin 100 ba.

Sai dai wannan hanya ta toshewar jijiya ba ita ce babbar hanyarmu ba. A 2012 aka fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 9 kudu da Sahara, har da Najeriya da Kamaru da Senegal, kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya. Hawan jini ne sanadi ga kashi 45 cikin 100, ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yarinta kashi 14, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Matsakaicin shekarunsu 52, lokacin da mutum ke tsakiyar biyan kuɗin makaranta, yayin da a Turai ciwon ya fi kama 'yan shekara 70 da ɗoriya. Gana ba ta cikin ƙasashen, amma a nan ma sama da mutum 1 cikin manya 4 yana da hawan jini, da yawa kuma ba su sani ba.

A hawan jini babu wani rami da ake toshewa. Zuciya ce ke turawa a kan matsi shekara da shekaru, tsokarta ta yi kauri kamar damtsen mai ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia. Masaƙan nan da ke zaune shiru suna jin wannan jan, domin a manne suke da saƙar. Ga kuma saƙonni na zuwa musu ta jini: anjiyotensin, wanda ƙoda ke tayar da shi, da aldostiron, wanda ke sa jiki riƙe gishiri. Waɗannan sukan tayar da wani sinadari mai suna TGF-beta, shi ne babban mai ba da umarni. Sai faibiroblas ta sauya kama ta zama irin ƙwayar da ke ɗinke rauni, ta shiga zuba kolajin ba ƙaƙƙautawa a inda babu rauni. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da zarar saƙar ta yi tauri, taurin kansa yana ƙara tayar da masaƙan. Tauri ya jawo saƙa, saƙa ta jawo tauri, ba wanda zai ce musu ya isa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga rashin buɗewa ba. Kolajin yana taruwa kewaye da ƙananan jijiyoyi ya shaƙe su, ya kuma nisanta ƙwayar tsoka daga jijiyar da ke kawo mata iska, don haka mutum na iya jin ciwon ƙirji alhali manyan jijiyoyinsa a buɗe suke. Sannan akwai lantarki. Bugawar da zuciya ke yi saƙon lantarki ne da ke bi daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kolajin kuwa ba ya ɗaukar lantarki. Saƙon sai ya riƙa kewaye-kewaye kamar mai neman hanya a lungunan zango bayan an toshe wasu da gini, wani lokaci ya dawo inda ya fito ya ci gaba da zagaye, bugun ya birkice. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2013, ya bi mutum 472 masu irin zuciyar nan da ta buɗe kamar buhu. Cikin waɗanda na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI ta nuna tabo a tsakiyar bangon zuciyarsu, kusan kashi 27 cikin 100 sun rasu a shekarun da aka bi su, cikin marasa tabon kuma kusan kashi 11. Wasu daga cikin mutuwar fuju'a da muke ji a unguwa, mutum ya yi sallar asuba lafiya a wayi gari ana masa wanka, ta wannan ƙofa suke shigowa.

Da nake yi wa kawu wannan bayani, sai ya katse ni. Ya ce, "Kai yaro, wannan ai tsohon sa ne. Naman maraƙi kafin ka juya ya nuna, na tsohon sa kuwa ka ƙone gawayin sidi nawa yana nan yana kallonka." Ya faɗi daidai, kuma ya taɓo inda maganar ta fi zurfi. Abin da ke sa naman tsohon sa tauri ya fi ƙarfin yawan kolajin kawai. Da shekaru, zaruruwan suna ƙulluwa da juna ta gefe, ƙullin da zafi ba ya saurin kwancewa. Abin da majema ke yi wa fata da bagaruwa ke nan: sinadarin bagaruwa yana ɗaure zaruruwan kolajin da juna, fata ta zama kirgin da za a yi takalmi ko gidan laya, kuma daga nan ba ta sake komawa ganda. A zuciya akwai sinadarin da ke wannan ƙulli, ana kiransa LOX, yana ƙaruwa a gazawar zuciya. Sukari ma yana yi. In ya yi yawa a jini yakan manne wa kolajin ya ƙulla shi, kuma ƙullallen kolajin yana gagarar almakasai. Shi ya sa wanda ya haɗa hawan jini da ciwon sukari da ƙiba zuciyarsa ta fi saurin sandarewa. Sabon kolajin da bai ƙullu ba jiki na iya kwashe wani abu daga cikinsa. Wanda ya jemu kuwa, sai dai a hana shi ƙaruwa.

Kada in ɗora wa saƙar laifin duka. A cikin ƙwayar tsokar kanta akwai wani ƙaton furotin mai suna taitin da ke aiki kamar sifirin, shi ma yana sandarewa a wannan ciwo, kuma su biyun ke haɗuwa su ba da taurin da likita ke gani.

Akwai cututtuka biyu na wannan saƙa da suka shafe mu musamman. Na farko wani tabo ne mai kauri da ke shafe cikin ɗakunan zuciya kamar an yi musu yaɓe, har ɗakin ya tsuke. Likita Davies ne ya bayyana shi a Yuganda a 1948. Ya fi kama yara da matasa a yankuna masu zafi da damshi, ciki ya kumbura tim alhali ƙafa ba ta kumbura sosai ba. A wata gunduma ta Mozambik an duba mutum sama da 1,000 da eko, aka buga sakamakon a 2008, kusan 1 cikin 5 yana da alamunsa. Na biyu kuma baƙon furotin ne ke shigowa ya cika wurin saƙar. Hanta na yin wani furotin, tiranstairetin, wanda a wasu mutane yakan lanƙwashe ba daidai ba ya kwanta tsakanin ƙwayoyin zuciya, a kira shi amiloid. Wani sauyin gado da ke jawo haka yana jikin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen Amurka, kuma asalinsa daga Afirka ta Yamma ne, wato daga nan kakanninsu suka tafi da shi. Yakan bayyana bayan shekara 60, bango ya yi kauri a ɗauka hawan jini ne kawai. Akwai maganinsa tun 2019 a Amurka, tafamidis, amma tsadarsa ta sa a wurinmu labari ne.

Sai maganar magani, inda nake da ɗan ƙorafi a kanmu. Maganin da majinyata suka fi ƙauna shi ne mai sa fitsari, Lasix. Kwana biyu ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo, takalmi ya shiga, sai a ce an warke. Amma ruwa kawai ya kwashe, bai taɓa masaƙan ba. Magungunan da ke taɓa su su ne waɗanda mutum ba ya jin aikinsu a jikinsa, kuma su ake fara yarwa. Sifironolakton tsohon magani ne mai araha da ke toshe aldostiron. A gwajin da aka buga a 1999 kan mutum 1,663 masu gazawar zuciya mai tsanani, ya rage mutuwa da kashi 30 cikin 100, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa. Da aka koma aka auna jinin wasu daga cikinsu, sai aka ga alamun saƙa kolajin sun ragu, kuma waɗanda alamun suka fi yawa a jininsu tun farko su suka fi amfana. A 2000 wasu likitoci a Jamus suka ɗebo 'yan ƙananan yanka daga zukatan masu hawan jini 35 kafin magani da bayan wata 6, suka ga kolajin ya ɗan ragu ga waɗanda suka sha lisinofiril. Raguwar kaɗan ce, amma ta nuna ana iya juyawa in an zo da wuri. Sifironolakton dai ba na saye a kemis a sha gaba gaɗi ba ne, domin yana tara sinadarin fotasiyom a jini, kuma ga mai raunin ƙoda hakan na iya tsayar da zuciya. Dole a riƙa gwajin jini.

Ƙoƙarin kai hari kan saƙar kai tsaye kuwa har yanzu bai haifi ɗa mai ido ba. An gwada maganin toshe almakasai bayan bugun zuciya, sakamakon ya fito a 2006, bai hana zuciya buɗewa ba. A 2021 a Manchesta aka gwada firfenidon, maganin tabon huhu, kan mutum 94 masu irin ciwon kawu, tabon ya ragu da ɗan abin da bai wuce kashi 1 da ɗoriya ba a shekara guda. A jami'ar Pennsylvania an horar da ƙwayoyin garkuwar jiki su farauto masaƙan da suka haukace, ya yi aiki a ɓeraye a 2019. A Isra'ila kuma a 2017 aka nuna cewa wani furotin na saƙar jarirai, agirin, yana sa zuciyar babban ɓera ta ɗan farfaɗo bayan rauni. Abin sha'awa ne ƙwarai, domin yana nufin saƙar tana iya ba tsoka umarnin tsirowa. Amma tsakanin ɓera da Alhaji akwai tafiya mai nisa, kuma ni ban ga dalilin da mai shekara 45 a unguwar Asawase ko Nima zai zauna jiranta ba.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi da ban haushi. Eko ana yinsa a asibitin Komfo Anokye na Kumasi da na Korle Bu a Accra, inda Farfesa Frimpong-Boateng ya kafa cibiyar aikin zuciya tun 1989, amma kafin mutum ya kai can saƙar ta riga ta yi shekaru tana kauri ba tare da ciwon kai ko jiri ba. Awon hawan jini a hannu na minti biyu shi ne kaɗai ke leƙa wannan lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, mu kuwa tukunya ɗaya tana ɗauke da gishiri, da dunƙulen magi uku, da kifin gishiri irin koobi ko momoni, ga shito a gefe. Kanwar da ake jefawa a wake da kuka ma yawancinta sodiyom ce, ɗan'uwan gishiri. Ga magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da mahauta da masu dako ke haɗiya kullum da yamma, suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini.

Kawu an ce masa jininsa ya hau tun yana ɗan shekara arba'in da wani abu. Ya sha magani wata biyu, ya ji garau, ya ajiye. Yanzu ƙwayoyi huɗu yake sha da safe, an sa masa ma'auni a bakin gado yana hawa kullum, in nauyinsa ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku a kira likita. Ya daina ɗaukar cinyar sa, yara ke yi, shi yana zaune kan benci yana karɓar kuɗi yana faɗa da masu neman ragi. Ranar Asabar da ta wuce na je wurinsa, na tarar an kawo zuciyar wani tsohon bijimi. Ya sa wuƙa ya tsaga ta biyu, ya tura babban yatsa cikin bangon hagu, ya danna, ya sake dannawa. Ya miƙo mini ya ce, "Taɓa nan ka ji." Na taɓa. Ya karɓe ta ya jefa kan sikeli, ya ce wa matar da ke jira, "Hajiya, wannan sai kin ba ta wuta sosai."